Kududdufin bayan gidanmu yana ƙafewa da 'ya'yan kwaɗi a ciki: a kwashe su ko a bar su?

Baban Yara, Gadarif

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin halittun ruwa a kan wani al'amari da yarana suka ɗora mini. A bayan gidanmu a nan Gadarif, a gabashin Sudan, akwai ramin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa, wanda ruwan damina yake cikawa kowace shekara. Yanzu da ruwan sama ya fara ɗaukewa, mutane suna shirin yankan riɗi, ruwan ramin ya janye har bai wuce idon sawu ba, gefensa kuma ya soma tsattsagewa kamar yadda baƙar ƙasarmu ta saba yi. A cikin ɗan ruwan da ya rage akwai 'ya'yan kwaɗi masu yawan gaske, ƙanana baƙaƙe masu wutsiya, sun cunkushe wuri guda har ruwan yana motsi da su. Balbelu da kajin maƙwabta sun riga sun gano wurin, kullum da hantsi suna can suna tsince su.

Yaran sun kafe a kan lallai sai an cece su, babbar 'yata ma ta riga ta ɗebo wasu a cikin tsohuwar robar wanki ta ajiye a gindin bishiya. Ni dai ban taɓa kiwon irin wannan halitta ba, kuma ba na son in koya wa yara tausayin da zai ƙare da mushe a cikin roba. Saboda haka nake tambaya: shin kwashe su zuwa gida ya fi, ko akwai wata dabara da ta fi wannan? Idan an kwashe su, wane ruwa ya dace da su, na famfo ko na rijiya ko wanda muke saya a wurin masu amalanke? Me suke ci, kuma har zuwa yaushe za a riƙe su? Sannan ina so in san ko akwai wata illa ga lafiyar yaran da suke wasa da su. Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya taimaka da abin da ya sani.

Tsohon Malamin Kimiyya, Wad Madani

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya raya maka zuri'a. Bisa siffar da ka bayar, ƙanana baƙaƙe masu tafiya a dunƙule, mai yiwuwa 'ya'yan kwaɗon nan ne mai kaushin fata da muke gani a tsakar gida da dare, wanda masana suke kira Sclerophrys regularis, kuma ya bazu a kwarin Nilu da yawancin ƙasashen Afirka. Macensa tana zuba dubban ƙwai a jere cikin dogon zare mai yauƙi, 'ya'yan kuma suna buƙatar makonni a cikin ruwa kafin su fita tudu. Wannan ne ya sa kududdufin ƙarshen damina yakan zame musu kabari.

Shawarata ta farko ita ce kada ka yi gaggawar kai su gida. Ruwan da aka haife su a ciki, duk da laka da warinsa, yana ɗauke da abincinsu da duk abin da jikinsu ya saba da shi. Idan kana da hali, ka zurfafa wuri guda a tsakiyar ramin da shebur domin ruwan ya taru a can, ka yi masa inuwa da karan dawa ko rassan ƙaya waɗanda za su kuma tare kaji, sannan ka riƙa ƙara masa ruwa da yamma. Akwai wani babban kwaɗo a kudancin Afirka, Pyxicephalus adspersus, wanda namijinsa yake gadin 'ya'yansa, idan kududdufinsu ya fara ƙafewa sai ya haƙa musu hanya da ƙafafun baya zuwa ruwa mai zurfi. Idan akwai wani ruwa kusa da raminku da zai daɗe bai ƙafe ba, kwaikwayon wannan kwaɗon da bokiti shi ne mafi sauƙin ceto. Amma ka lura da kalmar kusa. Kada a ɗauke su a mota a kai wani yanki, domin ta haka ake yaɗa cututtukan kwaɗi. Wata cutar fata da wani nau'in funfuna ke haddasawa ta yi musu mummunar ɓarna a duniya, har wani bincike da aka wallafa a 2019 ya danganta ta da raguwar nau'o'i 501, waɗanda ake kyautata zaton 90 daga cikinsu sun ƙare ƙurmus.

Idan kuwa dole sai an riƙe wasu a gida saboda yara, to, a ɗauki kaɗan, kuma a sani cewa abin da yake kashe su a hannun mutane ruwa ne, ba yunwa ba. Robar wankin da 'yarka ta yi amfani da ita a sauya ta yau, domin ragowar sabulu ko omo da ido ba ya gani ya isa ya halaka su, kasancewar fatarsu tana shan duk abin da ke cikin ruwa. Haka nan a guji kwanon ƙarfe, a kuma nisanci duk jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, wanda na san ba ya wuya a gidajen manoman Gadarif. Abin da ya fi dacewa shi ne faffaɗan kaskon yumɓu ko sabon baho, mai faɗi ba mai zurfi ba, ruwan ya kai kamar tsawon tafin hannu. Faɗin ne yake ba iska damar shiga ruwan, yumɓu kuma yana sanyaya shi ta hanyar tsattsafowa. A ajiye shi a inuwa inda ranar safe kawai za ta taɓa shi, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai, ɗan ruwa a roba kuma yana iya yin zafin da zai kashe su kafin azahar.

Ka fara da ruwan ramin kansa, tare da ɗan lakarsa da dutse ko guntun bulo mai gansakuka. Na ƙari kuwa, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi kowane. Ruwan famfo da na amalanke akan sa musu sinadarin kulorin, don haka a zuba shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ya wuni, ko fiye da haka, kafin a yi amfani da shi. Ruwan rijiya yana yi idan ba mai gishiri ba ne. Kada a juye ruwan gaba ɗaya a lokaci guda. A riƙa ɗebe kamar kashi ɗaya cikin uku bayan kowane kwana biyu, a mayar da sabo a hankali ta gefe, wanda sanyinsa ya yi daidai da na tsohon. Ni ba na wuce biyu ko uku a kowace lita. Idan ka ga sun taru a saman ruwa suna buɗe baki ba ƙaƙƙautawa, ko ruwan ya yi fari-fari yana wari, to, sun yi yawa ko abinci ya ruɓe.

Abincinsu ba shi da wuya. Bakinsu na kankara ne, suna kankare gansakuka da ruɓaɓɓen ganye. A tafasa ganyen alayyafo ko latas har ya yi laushi, a bari ya huce, a jefa ɗan yanki kamar girman farce, abin da ba su cinye ba zuwa dare a cire shi. Lalo ba ya yi saboda yauƙinsa yana ɓata ruwa, burodi da tuwo da duk abin da ya ji mai ko gishiri kuma a bar su. Idan ƙafafun baya sun fito ana iya ƙara musu ɗigon gwaiduwar dafaffen ƙwai jefi-jefi. Yara sun fi son ciyarwa a kan komai, don haka mutum ɗaya ya kamata a ɗora wa wannan aiki.

Ma'aikaciyar Lafiya, Kassala

Assalamu alaikum. Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan kwaɗin, amma da izininsa zan saɓa masa a wuri ɗaya, domin ni mutane nake dubawa. Shawarar a riƙa ƙara wa rami ruwa a bayan gida a ƙarshen damina ba zan iya goyon bayanta ba. Sauron da ya fi yaɗa zazzabin cizon sauro a Sudan, Anopheles arabiensis, ba shi da wurin haihuwa da ya fi so kamar ɗan kududdufi marar zurfi da rana take dukansa, kuma a irin zafinmu ƙwansa yana zama sauro mai tashi cikin mako guda zuwa kwana goma. Ƙarshen damina shi ne lokacin da asibitocinmu suke cika da yara masu zazzaɓi. Ƙafewar wannan rami alheri ce ga unguwarku, tsawaita kwanansa kuwa ina tsoron kada garin neman gira a rasa ido.

Mutane da yawa suna zaton 'ya'yan kwaɗi suna cinye tsutsar sauro, amma mafi yawansu masu kankarar gansakuka ne kamar yadda Malam ya faɗa, ba mafarauta ba, saboda haka kada a dogara da su. Kaskon da za a ajiye a gida shi ma yana da nasa haɗari. Sauron Aedes, mai kawo zazzaɓin dengi wanda mutanen Gadarif suka ɗanɗana kuɗarsa a 2023, a cikin randuna da ganguna da robobin gida yake haihuwa, yana manna ƙwansa a jikin mazubi dab da saman ruwa, ƙwan kuma yana jure bushewa na watanni. Ga kuma Anopheles stephensi da aka gano a Sudan tun 2016, wanda shi ma mazuban ajiye ruwa yake bi. Don haka kaskon ya kasance a rufe a kowane lokaci da ragar taga ko ƙyalle mai shara-shara da aka ɗaure bakinsa, a kuma goge gefen ciki da tsumma mai tsabta duk lokacin da aka sauya ruwa. Ina jan hankali a nan: kada a rufe shi da yankin gidan sauro irin wanda ake rabawa, kada kuma a kamo su da shi, domin an jiƙa shi da maganin ƙwari wanda guba ne mai ƙarfi ga halittun ruwa.

Game da ruwan amalanke, tun ɓarkewar kwalara a 2023 da 2024 an tsananta sa kulorin a ruwan sha a jihohin gabas, kuma haka ya kamata. Idan ka ji warinsa a ruwan, ka ƙara masa kwana kafin ka zuba wa kwaɗi, amma kada wani ya bar sa wa ruwan gidansa magani saboda su.

Yaran kuwa su daina shiga ramin da ƙafa ba takalmi, su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa ruwan, kuma kafin su ci abinci. Idan za a kai 'ya'yan kwaɗin wani tafki ko magudanar ban ruwa, babba ne zai kai, ya zuba daga baki ba tare da ya shiga ba, saboda tsargiya tana samuwa a ruwan da dodon koɗi yake zaune, kamar magudanan Jazira da na Rahad.

Dattijo, Mai Wurno

Salamu alaikum. Ɗana, na karanta tambayarka da amsoshin malaman nan biyu, Allah ya ƙara musu sani. Ni manomi ne a bakin kogi, kuma abin da zan faɗa daga gani ne. Kowace shekara idan ruwa ya janye, kududdufai ba iyaka suna ƙafewa da waɗannan halittu a ciki, shamuwa da balbela da zalɓe su ci rabonsu, tururuwa ta kwashe sauran, amma ban taɓa ganin daminar da ta zo babu kukan kwaɗi ba. Wanda ya ba uwa ɗaya dubban ƙwai ya san cewa kaɗan ne za su kai tudu. Saboda haka kada ka ɗora wa kanka nauyin ceton dukansu, kada kuma ka bar yaran su ɗauka cewa sun yi laifi idan sauran sun mutu.

Sai dai ban ce ka kashe musu wannan tausayi ba. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sanya kwaɗo a cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wannan na ƙarshen shi ne ya kamata ka karanta wa 'yarka. Muddin suna cikin rami, ba su cikin amanarta, amma daga ranar da ta zuba su a roba, cinsu da shansu da inuwarsu sun hau wuyanta. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan ba, gara ya bar su inda ya gan su.

Ni na fi karkata ga maganar 'yata ma'aikaciyar lafiya. A ɗebi abin da bokiti zai ɗauka a kai ruwa mafi kusa, a bar wa yara 'yan kaɗan su koyi aikin Ubangiji a kansu, ramin kuma a bar shi ya bushe. Kwaɗo ba abin ƙi ba ne a gida ko a gona, domin ƙwari yake ci dare da dare, kuma duk wanda ya ɗaga randa a tsakiyar bazara ya san inda yake fakewa.

Baban Yara, Gadarif

Na gode ƙwarai, Baba, da Malam da Hajiya. Mun bi hanyar da ta haɗa shawarwarinku. Ni da kaina na kai mafi yawansu wani tafki da ke gaba da unguwarmu kaɗan, wanda yakan riƙe ruwa har cikin sanyi, muka bar kaɗan a sabon kasko mai rufin raga a ƙarƙashin rumfa, ramin kuma mun ƙyale shi. Babbar 'yata ce mai ciyarwa, ƙannenta masu kallo.

Yanzu ga sababbin tambayoyi biyu ga Malam. A cikin waɗanda muka ɗebo akwai wasu manya masu launin ƙasa da suka bambanta da baƙaƙen, kuma na ga ɗaya ya kama ƙarami a bakinsa. Na biyu, wasu daga cikin baƙaƙen sun fitar da ƙafafun baya, ɗaya ma har da na gaba, kuma wannan ɗin ya daina kusantar ganye, yana maƙale a gefen kasko kamar marar lafiya. Shin ciwo ne ya kama shi, kuma ya kamata a ware shi?

Tsohon Malamin Kimiyya, Wad Madani

Malam, na karɓi gyaran Hajiya a kan rami da ke dab da gidaje, hujjarta ta fi ƙarfi a wannan wuri. Manyan da ka gani a raba su da ƙananan yanzu. Akwai alamar 'ya'yan burduddugi ne, wato Hoplobatrachus occipitalis, waɗanda suke da ƙaƙƙarfan muƙamuƙi kuma suke farautar 'ya'yan wasu kwaɗi. Tunda ganye ba zai ƙosar da su ba, mafi sauƙi shi ne a kai su tafkin da aka kai sauran.

Mai ƙafafu huɗun kuwa lafiyarsa ƙalau, ya shiga mataki mafi haɗari ne a rayuwarsa. Ƙafafun gaba sun daɗe suna girma a ɓoye a ƙarƙashin fata, shi ya sa ake ganin sun ɓullo farat ɗaya. Daga wannan lokaci gaɓoɓin da yake numfashi da su irin na kifi suna shanyewa, huhu yana karɓar aiki, bakinsa yana faɗaɗa, dogon hanjinsa na cin ganye yana gajarcewa ya koma na mai cin ƙwari. Ba ya cin komai a waɗannan 'yan kwanaki, jikinsa yana narkar da wutsiyar ne yana rayuwa da ita, don haka a gargaɗi yara kada su ja ta ko su yi ƙoƙarin cire ta. Sinadarin da ke tafiyar da wannan sauyi daga ƙullin nan na wuya yake fitowa, wanda kumburinsa yake kawo maƙoƙo ga mutane. Wani masani mai suna Gudernatsch ne ya nuna haka a 1912, lokacin da ya ciyar da 'ya'yan kwaɗi da irin wannan ƙulli na doki, suka rikiɗe da wuri suka zama 'yan mitsi-mitsin kwaɗi. Ƙafewar ruwa ita ma takan hanzarta sauyin a nau'o'i da yawa, sai su fito ƙanana fiye da yadda ya kamata, don haka kada ka yi mamakin ƙanƙantar naka.

Abin da ke kashe su a wannan mataki shi ne nutsewa, ko da yake abin yana da ban mamaki ga halittar da aka haifa a ruwa. Idan gefen mazubi yana da santsi kuma babu inda zai hau, zai yi ta iyo har ya gaji. Ka rage ruwan zuwa kaurin yatsa biyu, ka ɗan karkata kaskon da dutse a ƙarƙashinsa ta yadda gefe ɗaya zai zama tudu, ko ka tara yashi da guntun bulo wanda kansa ya fito waje. Rufin ragar ya zama a ɗaure sosai, domin suna hawa bango, kuma kaza ko ƙadangare ba za su bar su ba.

Da zarar wutsiya ta rage ɗan guntu, a sake shi a ranar, kada a jira. Ƙaramin kwaɗon da ya gama rikiɗa ba ya cin abin da ba ya motsi, abincinsa kiyashi ne da ƙananan ƙwari waɗanda ba za ka iya wadata shi da su a gida ba. A ɗauke shi a kofi da ɗan ruwa, ko da jiƙaƙƙen hannu idan ya zama dole, a kai shi bakin tafkin nan bayan faɗuwar rana, a ajiye shi cikin ciyawa mai laima, ba cikin ruwan ba. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fatar cikinsa yake tsotsa daga ƙasa mai danshi, kuma ƙarami irin wannan yana iya bushewa cikin ɗan lokaci idan rana ta same shi a fili. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu kafin ya kai ido ko baki, saboda kwaɗon tudu yana da ƙulli biyu a bayan idanunsa masu fitar da ruwa mai guba, wanda yake sa ido raɗaɗi. Sauran za su biyo baya ɗaya bayan ɗaya, ba rana guda ba, don haka a riƙa duba kaskon safe da yamma, a kuma ci gaba da sa wa masu wutsiya ganyensu a ɓangaren da ruwa ya fi zurfi.